Ziyarar Farko Zuwa Disneyland Paris: Shirin Magidanci Daga Gida Har Ƙofar Shiga

Wanda bai taɓa shiga irin waɗannan manyan wuraren wasa na ƙasashen waje ba yakan ɗauka cewa abin bai wuce gidan lilo irin wanda ake kai yara ranar Sallah ba, sai dai a ce ya fi girma da tsafta. Disneyland Paris, wanda aka buɗe ranar 12 ga Afrilu 1992 a yankin Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris, gari ne sukutum: yana da filayen wasa biyu masu ƙofa daban-daban, da otal-otal, da unguwar shaguna da gidajen abinci mai suna Disney Village, da tashar jirgin ƙasa a bakin ƙofarsa. Da zarar mutum ya shiga, abin da zai fara ƙare masa shi ne lokaci, sai ƙarfin ƙafa, sannan haƙurin yara. Yawancin abin da zai sa ranar ta yi daɗi ko ta lalace a gida ake yanke shi, watanni kafin a hau jirgi, don haka daga can wannan jagora zai fara.

Zaɓen lokaci da neman biza

Abu na farko shi ne kalanda. Dogon hutun makarantunmu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ya zo daidai da babban hutun Faransa da Ingila, kuma a lokacin ne wurin ya fi cika, kuɗin tikiti da na masauki suka fi tsada. Haka ma makonnin Kirsimeti, da ƙarshen Oktoba, da hutun Afrilu. Wanda yake da iko da lokacinsa ya nemi tsakiyar mako, daga Talata zuwa Alhamis, a watan Mayu ko farkon Yuni ko rabin Satumba na biyu. Janairu ma akwai sauƙin mutane da sauƙin kuɗi, amma sanyin Paris a wannan wata yakan sauka kusa da ma'aunin daskarewar ruwa, ga yayyafi, ga rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar, kuma yaron da bai san sanyin da ya wuce hunturun Kano ba zai sha wuya idan ya tsaya minti arba'in a layi a fili.

Bayan an tsayar da wata, sai a fuskanci biza. Faransa tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma ana fara cika takardar neman a shafin gwamnati na France-Visas, wanda zai nuna wa mutum cibiyar da zai kai takardunsa. Doka ta ba da damar nema tun watanni shida kafin tafiya. Bisa ƙa'ida ana ba da amsa cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa kwana 45, kuma samun ranar ganawa kaɗai kan ci makonni idan bazara ta gabato. Tun daga Yunin 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara shida zuwa ƙasa da sha biyu, kyauta ga wanda bai kai shida ba, ban da abin da cibiyar karɓar takardu take caza na hidimarta. Dole fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla watanni uku bayan ranar barin yankin, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000. Ga yara ana buƙatar takardar haihuwa, idan kuma uwa ko uba ɗaya ne kawai zai yi rakiya, sai an kawo takardar amincewar wanda ya zauna a gida. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da ƙarin aiki, domin ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai yana rufe tun Janairun 2024, saboda haka su fara binciken inda za su kai takardunsu kafin su kashe ko sisi a kan wani abu.

Shawarata a nan ita ce kada a biya kuɗin da ba ya dawowa kafin biza ta fito. A kama ɗakin otal irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, a karanta sharaɗin sokewar da kyau, a bar tikitin shiga wurin wasan sai fasfo ya dawo hannu.

Kwana nawa, kuma a ina za a kwana

Kwana ɗaya bai isa filaye biyu ba, ko da kuwa an sayi tikitin da ya ba da damar shiga duka. Babban filin, Disneyland Park, shi ne mai gidan sarauta ruwan hoda da ake gani a hotuna, kuma shi kaɗai yana cin yini guda cur. Na biyun an buɗe shi a 2002 da sunan Walt Disney Studios, kamfanin kuma ya sanar da sauya masa suna zuwa Disney Adventure World a 2026. Iyali mai ƙananan yara ya ware kwana uku: ɗaya ga kowane fili, na uku kuma a koma wa abin da yaran suka fi so ko abin da layi ya hana.

Masauki iri uku ne. Akwai otal-otal na kamfanin kansa, daga Disneyland Hotel da aka gina a kan ƙofar shiga, wanda ya fi kowane tsada, zuwa Cheyenne da Santa Fe masu sauƙin kuɗi. Amfaninsu biyu ne: yawanci ana sayar da ɗakin haɗe da tikitin shiga na kwanakin, sannan ana barin baƙinsu su shiga kusan awa ɗaya kafin sauran jama'a, wanda a lokacin cunkoso riba ce babba. Akwai kuma masaukan unguwar Val d'Europe, tasha ɗaya kacal daga wurin wasan, inda ake samun ɗakuna masu ɗan kicin, ga katafaren kanti na Auchan a kusa. A ganina wannan ne ya fi dacewa da iyalinmu, domin uwargida za ta iya dafa shinkafa ko taliya da dare, a huta da tambayar me aka zuba a cikin abinci, kuɗin ciyarwa ma ya ragu sosai. Na uku shi ne kwana a cikin Paris ana zuwa ana komawa, kimanin minti arba'in kowace tafiya. Wannan yana da kyau ga wanda zai shiga yini ɗaya kawai, amma ɗaukar yaro mai barci a kafaɗa cikin jirgin ƙasa da sha ɗayan dare har kwana uku a jere ba hutu ba ne.

Tikiti, kuɗi da manhaja

A sayi tikiti ta intanet, a shafin kamfanin ko wajen dillalin da aka tabbatar da shi, kada a dogara da cewa za a samu a bakin ƙofa. Tikiti mai ɗauke da takamaimiyar rana farashinsa yana hawa yana sauka gwargwadon cikar da ake tsammani a ranar, wanda ba shi da rana kuma sai an yi rajistar ranar shiga tukuna. Yaron da bai cika shekara uku ba ba ya biya, daga uku zuwa sha ɗaya ana biyan kuɗin yara, daga sha biyu kuwa babba ne a lissafinsu.

Kafin tafiya a je banki a tambaya dalla-dalla ko katin zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da za a iya kashewa a wata, domin katunan Naira sun daɗe suna da ƙaidi a kan haka. Katin asusun Dala ko Yuro ya fi kwanciyar hankali, a haɗa da ɗan tsabar kuɗi a raba shi wuri biyu. Wanda zai shiga Tarayyar Turai da tsabar Yuro 10,000 ko fiye wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan.

Sai a sauke manhajar Disneyland Paris tun ana gida, a saka tikitocin a ciki, a zauna da yara a duba taswirar. Manhajar ce take nuna tsawon jira a kowane lilo a daidai lokacin, da lilon da aka rufe don gyara, da lokacin fareti. Wannan yana nufin waya za ta yi aiki tun safe har dare, don haka a tafi da batirin ajiya, da mahaɗin soket mai ƙafa biyu zagayayyu, tunda filogin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga bangon Faransa.

Awon tsayin yara

Wannan mataki ƙarami ne, amma shi ne yake hana kukan da ya fi kowane ciwo. Kowane lilo mai gudu yana da ƙa'idar tsayi, kuma a bakin layinsa akwai ma'aikaci da ma'auni. Na ga wani yaro ya miƙe wuya iya ƙarfinsa, ya ɗage dugadugansa, ma'aikaciyar ta durƙusa tana murmushi ta ce ya sauke ƙafa, kansa ya gaza da abin da bai fi faɗin yatsa biyu ba, mahaifinsa ya yi roƙo har ya gaji, amma ba a bari ba. Ba a yin ciniki a kan wannan, kuma daidai ne, domin ƙarfen da yake riƙe mutum a kujera da wannan awo aka ƙera shi. A jingina kowane yaro da bango a gida a auna shi da santimita. Big Thunder Mountain, jirgin da yake kewaya wani dutse a tsakiyar tafki, yana neman santimita 102, haka ma Tower of Terror. Crush's Coaster 107. Hyperspace Mountain 120. Lilon Indiana Jones kuwa 140. Idan yaro ya san tun daga gida abin da zai hau da wanda sai wata shekara, ba za a yi rigima a gaban jama'a ba. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya ko ciwon baya su karanta gargaɗin da ke bakin kowane lilo su yi aiki da shi.

Daga filin jirgi zuwa ƙofa

Daga Abuja ko Legas akwai jirgi kai tsaye zuwa filin Charles de Gaulle, tafiyar kimanin awa shida. Daga Kano kuwa sai an yada zango a wani gari kamar Alƙahira ko Adis Ababa. Agogon Faransa daidai yake da namu lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma yana gabanmu da awa ɗaya. Daga cikin filin jirgin akwai jirgin ƙasa mai sauri, TGV, wanda yake kai mutum tashar Marne-la-Vallée Chessy da ke bakin ƙofar wurin wasan cikin kimanin minti goma, akwai kuma motocin safa na Magical Shuttle masu kaiwa har otal.

Wanda ya taso daga cikin Paris jirgin ƙasa na layin RER A zai hau, kuma a nan ne baƙo yake ɓata, ni ma na ɓata. Layin yana rabuwa biyu a gabashin birnin: reshe ɗaya ya nufi Boissy-Saint-Léger, ɗayan ya nufi Marne-la-Vallée Chessy, kuma duka jiragen a dandamali ɗaya suke tsayawa. Wasu ma na reshen daidai ne amma a Torcy suke ƙarewa. Kafin a sa ƙafa a duba allon da ke sama a ga sunan Marne-la-Vallée Chessy, in an yi shakka a tambaya, matambayi ba ya ɓata. A kuma riƙe tikitin har fita, a mayar da jakar baya zuwa gaba, domin masu yankan aljihu sun san wannan layi na baƙi ne.

Sutura, abinci da salla

Mutum zai yi tafiyar ƙafa ta kilomitoci masu yawa a yini ba tare da ya lura ba, saboda haka takalmi sau-ciki mai laushi wanda aka riga aka saba da shi ya fi sabo, silifas kuwa a bar shi a ɗaki. Babbar riga ba ta wurin nan ba ce. Kaftani gajere ko riga da wando sun fi sauƙin shiga kujerar lilo. Hula za ta tashi a kwanar farko idan ba a cusa ta a jaka ba. Mata su zaɓi hijabi mai kama fuska da kyau maimakon gyale mai dogon baki da iska za ta ja. Hijabi ba shi da matsala, amma a sani cewa dokar Faransa, wadda ta fara aiki a Afrilun 2011, ta hana rufe fuska gaba ɗaya a bainar jama'a, kuma niƙabi yana ciki. Iyalin da wannan ya shafa su yi shawara tun kafin neman biza. A tafi da rigar ruwa ta leda ko da bazara ce, domin ta cikin shagunan wurin tsada gare ta.

Game da abinci, kada kamannin gidan abinci ko sunansa ya sa a ɗauka cewa namansa yankan Musulmi ne. A tambayi ma'aikata kai tsaye da kalmar halal, wadda kowa ya sani a Faransa. In ba a gamsu ba akwai kifi, da dankali, da fiza ta cuku da tumatir, da abincin ganye. A kula da alewa mai danƙo saboda sinadarin jelatin, da miyar da ake dafawa da giya. Ana barin mutum ya shiga da ɗan abin taɓawa da gorar ruwa ta roba, kuma akwai famfunan sha a ciki, don haka dabino da biskit da burodi a jaka suna ceton yini. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, domin an hana matafiya shigar da nama da madara Tarayyar Turai daga ƙasashenmu. A ci abincin rana kafin sha biyu ko bayan biyu da rabi. Tsakanin nan layin abinci yana gogayya da layin lilo. Gidajen abinci na zama kuwa sai an kama wuri tun makonni kafin ranar.

Lokutan salla suna rikita baƙo. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goman dare, a Disamba kuma Azahar da La'asar da Magariba suna biyo juna cikin 'yan awoyi. A saka manhajar lokutan salla a kan birnin Paris, a tuna alƙibla tana kudu maso gabas, a ɗauki darduma mara nauyi. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, kuma ya kyautu ya tambayi malaminsa hukuncin adadin kwanakin da zai yi kafin ya tashi. Don samun wuri mai natsuwa, a je ofishin baƙi da ake kira City Hall, wanda yake hannun hagu da an shiga babban filin, a tambaya cikin ladabi.

Ranar shiga

A isa ƙofa aƙalla minti arba'in kafin buɗewa, domin akwai binciken jaka tukuna, kuma in kana sammako wani a tafe ya kwana. Ba a shiga da babbar akwati, ko kwalba, ko sandar ɗaukar hoto. Kafin a wuce ƙofa a ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar, a rubuta lambar waya haɗe da lambar ƙasa a saka masa a aljihu, a nuna masa ma'aikata masu ɗauke da bajon suna a ƙirji a ce in ya rasa mu wajen waɗannan zai je. Manya kuma su tsayar da wurin haɗuwa guda ɗaya takamaimai. Cewa a haɗu a gaban gidan sarauta bai wadatar ba, domin rabin mutanen wurin can suka yi alkawari.

Titin farko, Main Street, shaguna ne hagu da dama, kuma an tsara shi ne don ya tsayar da mutum. A wuce shi da safe ba tare da an tsaya ba. Awa biyun farko su ne mafi daraja a yinin, a kashe su a kan lilon da layinsa ya fi tsawo: a babban fili Big Thunder Mountain ko Peter Pan's Flight, a fili na biyu Crush's Coaster. Kowane mutum a cikin iyali ya zaɓi abu ɗaya da ba zai yafe ba, a tabbatar an yi waɗannan, sauran duk abin da ya samu ƙari ne. Da rana ta take, lokacin da layuka suka kai maƙura, sai a koma ga wasannin da ake kallo a zaune cikin ɗaki, ko jirgin ruwan Pirates of the Caribbean wanda layinsa yake tafiya da sauri, ko a leƙa kogon da ke ƙarƙashin gidan sarauta inda aka ajiye wani ƙaton dodo mai motsi yana huci, wanda baƙi da yawa suke wucewa ba su san da shi ba. Ƙaramin yaro zai iya firgita da shi, a riƙe hannunsa.

Akwai hanyoyi uku na rage jira. Ta farko Premier Access ce, wato a biya ƙarin kuɗi ta manhaja a bi gajeren layi. Ga iyali mai mutum shida kuɗin yana taruwa da sauri, don haka a saye shi ga lilo ɗaya ko biyu kawai a ranar da cunkoso ya yi tsanani. Ta biyu layin mutum ɗaya ne, Single Rider, kyauta, inda ake cike gurbin kujera da wanda ya yarda a raba shi da abokan tafiyarsa, ya dace da matasa. Ta uku ta masu jariri ce: uba ya bi layi ya hau yayin da uwa take riƙe da jaririn, in ya sauko ita ta hau ba tare da ta sake bin layi ba. Ana neman wannan wajen ma'aikacin da ke bakin lilon kafin a shiga. Akwai ɗakin kula da jarirai da na agajin gaggawa kusa da gidan abinci na Plaza Gardens a ƙarshen Main Street, ana kuma ba da hayar keken tura yara, wanda ko ɗan shekara biyar zai gode masa da yamma.

Wanda masaukinsa yake kusa ya fita bayan abincin rana, a yi salla, yara su yi barcin awa ɗaya ko biyu, a dawo da la'asar, tunda tikitin yana ba da damar sake shiga a ranar. Iyalai da yawa suna ƙin yin haka don ganin sun biya kuɗi mai yawa, sai ƙarfe bakwai ta same su da yara masu kuka da iyaye masu faɗa. Fareti yawanci da yamma ake yi, kuma mai son gaba ya zauna a bakin titi rabin awa kafin lokaci. Wanda bai damu da shi ba kuma ya samu layuka sun ragu. Idan ruwa ya sauko, akwai rufaffun lunguna biyu a bayan shagunan Main Street, Liberty Arcade da Discovery Arcade, waɗanda kuma su ne hanyar kauce wa turmutsitsi.

Wasan haske da tartsatsin wuta a jikin gidan sarauta shi ne yake rufe yini, kuma da bazara yakan kai wajen sha ɗayan dare tunda sai duhu ya yi. A kalle shi dare ɗaya ya isa, zai fi kyau daren da ba a da sammako washegari. Da an gama, dubban mutane suke nufar ƙofa lokaci guda. A tsaya gefe a bar su su wuce. Shagunan Main Street sukan ɗan jima a buɗe bayan an rufe lilo, kuma wannan ne lokacin sayen tsarabar da aka ƙi tsayawa a kanta da safe. Mai komawa Paris dai ya duba lokacin jirgin RER na ƙarshe tun da rana, ya kuma sayi tikitin komawa tun da safe, domin layin na'urar sayar da tikiti a tashar Chessy da tsakar dare yakan kai har bakin ƙofa.